Na ga karen da ya kashe zomayen maƙwabci, amma magen wata tsohuwa aka karya wa ƙafa. In faɗa ko in yi shiru?

Baban Ummi, Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Haya nake a Hanwa cikin Zariya, kuma gida uku maganar ta shafa a layinmu, bazan kama sunan kowa ba. Na farko gidan wani Alhaji ne da ke kallon namu, yana da ƙaton kare na gadi, ya kawo shi ne bayan an haura mishi an ɗauke mashin, kuma tsakani da Allah tunda karen nan ya zo duk layin mun samu sauƙin ɓarayi. Da rana a ɗaure yake, da dare sai su sake shi a tsakar gida. Na biyu gidan wani malamin firamare ne, yaronshi ɗan aji biyar a sakandare yana kiwon zomaye irin manyan fararen nan, da kuɗin tara da yake ɓoyewa ya fara da biyu har suka kai takwas, yaron nan duk yamma zaka ganshi da buhu yana yankan ciyawa a bakin lambu. Na uku Gwaggo ce, tsohuwa mai daddawa da ƙuli, mijinta ya rasu da daɗewa, daga ita sai jikanta sai magenta.

Ruwan da aka yi kwanaki ya zubar da wani sashe na katangar bayan gidan malam, ta ƙasa ce, sai suka jingina tsohon kwano suka kare wajen kafin a samu na gyara. Ranar da abin ya faru na fito sallar asuba da tocila, na ga get ɗin Alhaji a buɗe ashe ɗanshi ne ya dawo cikin dare bai sa sakata ba, ina haskawa sai ga karen yana fitowa ta wajen kwanon nan bakinshi da ƙirjinshi duk jini da farin gashi. A daidai lokacin Alhaji ya fito shima zai tafi masallaci, ya gani na gani, ya kama shi ya ja shi ciki, ya dawo yace min "Baban Ummi a rufa asiri, zan san yadda zan yi."

Gari na wayewa kuka ya tashi a gidan malam, zomo biyar sun mutu har da mai ciki, biyu da rauni. Kowa yace magen Gwaggo ce, don dama ana yawan ganinta a kan katangar kuma ta taɓa ɗauke musu ɗan tsako. Yaron da abokanshi suka tare ta suka jibge ta da gora har ƙafar baya ta karye, ita kuma ta yakushi ɗaya a hannu. Matar malam ta fito ƙofar gida ta gaya wa Gwaggo maganganu a gaban mutane, tsohuwar nan tana kuka tana rantsuwa magenta a ɗaki ta kwana. Yanzu ko gaisuwa babu, jikanta an hana shi ɗiban ruwa a rijiyarsu. Abin da ya fi ƙona min rai shine Alhaji da ƙafarshi ya je ya yi wa malam jaje ya dawo, har yau bai ce komai ba.

Toh matsalata, mutumin nan yana da alheri a kaina, a bohol ɗinshi muke ɗiban ruwa kyauta, lokacin haihuwar Ummi shi ya tashi cikin dare ya kai mu asibiti da motarshi. Matata tace babu ruwana kar in jawo mana a ce mana munafukai. Ni kuma duk na ga magen nan tana jan ƙafa sai in ji kamar da ni aka doke ta. Me ya kamata in yi?

Ɗan Kwangila:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ni dai a ganina ka bi a hankali, kai ɗan haya ne, su kuma masu gida ne sun daɗe tare, gobe za su shirya a bar ka a tsakiya kowa yana maka kallon mai haɗa faɗa. Kuma in Alhajin ya murje ido yace ƙarya kake wa zai tsaya maka? Ba hoto ka ɗauka ba, da asuba ne, kai kaɗai. Abin da zan ce ka same shi ku biyu kace ya sayi zomaye ya ba yaron a matsayin kyauta, ya ɗan aika wa tsohuwar wani abu ita ma, shikenan an mayar da asara ba wanda ya ji kunya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Maman Sadiq, Gyallesu:

Haba Ɗan Kwangila, zaman lafiyar wa? Na Alhaji ko na Gwaggo? Ai ita yanzu ba a zaman lafiya take ba. Wlh na karanta abin nan jikina har rawa yake.

Ka duba fa abin da kake cewa a yi, wanda karenshi ya yi ɓarna shi zai fito a mai kyauta, unguwa ta ɗauka ana sa mishi albarka ana cewa Alhaji mutumin kirki ya share wa yaro hawaye, ita kuma tsohuwa ta ci gaba da zama mai muguwar mage kuma mai rantsuwar ƙarya. Zomaye ana saye a kasuwa, sunan da aka ɓata mata fa? Ku maza baku san yadda irin wannan ke yawo a cikin gidaje ba, ku kuna haɗuwa a masallaci ku yi musabaha a wuce wajen, mu kuma sai a shekara ana maimaita shi a gidan suna da gidan biki, mace mai sana'ar daddawa in matan layi suka ɗauke mata ƙafa wa zai aiko yaro ya saya? Abincinta fa kenan. Ga jikanta maraya an kore shi daga rijiya akan abin da bai sani ba.

Kuma ku lura da wanda aka zaɓa aka ɗora wa, ba a ko tsaya an duba ba saboda an san bata da mai tsaya mata. Da magen gidan Alhaji ce ake zargi na rantse babu yaron da zai ɗaga gora, sai dai malam ya sa hula ya je ya yi sallama a yi magana cikin mutunci.

Baban Ummi alherin da ya yi muku Allah ya saka mishi, amma ba sayen bakinka ya yi da ruwan bohol ba. Ka gaya wa Maman Ummi inji ni, ta ɗauka mahaifiyarta ce aka tsaya a ƙofar gida aka zazzage wa wannan maganganun alhali akwai wanda ya san gaskiya yana kallo.

Almajirin Limancin Kona:

Assalamu alaikum. Baban Ummi Allah ya saka maka da alheri da ka damu, don da yawa da sun manta tun a ranar.

Da farko ka raba abu biyu da mutanenmu ke cakuɗawa, annamimanci daban shaida daban. Annamimi shine mai ɗaukar magana daga nan ya kai can don ya ɓata tsakani. Kai kuma tsakanin ya riga ya ɓaci, kuma akan zargin da ba haka yake ba, abin da ke bakinka shine zai gyara. Allah yana cewa a Baƙara aya ta 283 kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta to zuciyarsa mai zunubi ce. Rufin asiri da addini ya kwaɗaitar kuma yana kan laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ko wanda faɗarsa ba zai dawo wa kowa da haƙƙi ba, ba a rufa wa wani asiri da mayafin wani. A Nisa'i aya ta 112 an yi magana akan wanda ya yi laifi sannan ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba, an kira shi ƙiren ƙarya da zunubi bayyananne. Ban ce Alhaji da bakinsa ya jefa wa Gwaggo ba, amma wanda ya ga an jefa ya je ya yi jaje ya dawo, to ya matso kusa da wajen sosai, a tsoratar da shi.

Maganar biya kuma ba sabuwa bace. A Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Duk wanda ya zauna a zaure a cikin birnin nan ya karanta Risala ya wuce ta kan wannan hukuncin. Haka a Suratul Anbiya aya ta 78 da 79, shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana akan tumakin da suka kwana suna ci a gonar mutane, masu tafsiri suka ce hukuncin Annabi Sulaimana shine mai tumaki ya koma ya gyara gonar har ta dawo yadda take, mai gona kuma ya riƙe tumakin yana amfana da nono da gashinsu kafin nan. Kaga ba a ce a kashe tumaki ba, ba a kuma ce a yi haƙuri kawai ba, an nemi yadda wanda ya yi asara zai koma inda yake.

Wani zai kawo hadisin da ke cewa ɓarnar dabba banza ce ba a biya, ingantacce ne, amma malamai sun ɗauke shi akan inda mai dabbar bai yi sakaci ba. Kare na gadi da aka san yana cizo, aka sake shi da dare aka bar ƙofa a buɗe, wannan sakaci ne ko da ɗansa ne ya yi, gidansa ne karensa ne. Abin da ake biya kuma ƙimar dabba ce a ranar da ta mutu, a samu mutum biyu da suka san kasuwar zomo su faɗi kuɗin kowanne, mai cikin a ƙimanta ta da cikinta. In yaron ya yafe daga baya wannan nasa ne, amma sai ya san gaskiya tukunna yafiyar za ta zama yafiya.

Su ma yaran da laifinsu. Ko da magen ce ta yi ɓarnar ba a yarda a azabtar da ita ba, balle ba ita bace. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure bata ba ta abinci ba bata sake ta ba.

Yadda zaka yi, kar ka fara da gidan malam. Ka fara da Alhaji, kai da shi, ka tuna masa shi yace zai san yadda zai yi, ka ba shi kwana biyu ko uku ya je da kansa, wannan shine sakayyar alherinsa a wurinka, ka bar masa damar ya zama shi ya faɗa. Amma ka gaya masa ƙarara in bai je ba kai zaka samu liman ko mai unguwa. Allah shine mafi sani.

Ɗalibar likitan dabbobi, Samaru:

Ni wani waje ne hankalina ya tafi da naga ba wanda ya taɓo, yaron da magen ta yakusa. An kai shi asibiti? In ba a kai ba dan Allah yau ɗin nan a kai shi. Ciwon haukan kare ba cizon kare kaɗai ke kawo shi ba, mage ma tana ɗauka kuma yakushi ma hanya ce, kuma ciwo ne da in alamu suka fara fitowa kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa. Ba ina cewa magen Gwaggo na da shi bane, dabbar da ake duka dole ta kare kanta, amma likita ne zai duba yace a yi allura ko a bari. Ƙa'idar da kowa ya kamata ya riƙe, duk cizo ko yakushi a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 nan take sannan a tafi asibiti, ba toka ba ba man birki ba. Ita dabbar kuma a sa mata ido kwana 10, kar a kashe kar a kore ta, don lafiyarta a kwanakin nan ita ke nuna ko akwai abin tsoro.

Nan ne ma shirun Alhaji ya fi ban tsoro. Zomaye biyu masu rauni suna nan, yaron yana taɓa su da hannu yana wanke musu ciwo, a zatonshi mage ce, alhali yawun kare ne a jikin raunin kuma bamu san ko karen na da allura ba. A tambayi katin allurarshi, ana fara yi ne tun yana wata 3 sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. A ware zomayen daban, kar a yanka a ci sai likita ya gani.

Ɗan Kwangila da kace babu hujja, ai akwai. Mage bata yaga wayar keji, kuma bata kashe manyan zomaye biyar a dare ɗaya ta bar su a zube, ita ƙarami take ɗauka ta tafi da shi ta ɓuya ta ci. Kare ne ke kamawa ya girgiza ya yar ya koma kan na gaba. Tazarar haƙora a jikin masu raunin ma kaɗai ta isa, duk wanda ya san aikin yana gani zai faɗa. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan Samaru, daga Hanwa ba nisa, a kawo zomayen a kawo magen ma, karaya in aka bari ta daɗe ƙashin a karkace yake haɗewa ko ciwon ya ruɓe.

Ɗan Kwangila:

Toh na ji, maganar yaron da allura gaskiya ban kawo ta a raina ba. Amma Allah gafarta malam ina da tambaya, shi malamin firamaren fa ba shi da nashi kason? Katanga ta faɗi ka jingina kwano ka kwanta, keji a ƙasa, ko ba karen Alhaji ba ai karnukan da ke yawo da dare sun isa su shiga. Kar a taru a kan mutum ɗaya don ana ganin yana da kuɗi.

Almajirin Limancin Kona:

Tambaya ce mai kyau, kuma a wajen sulhu ana duba irin wannan, shi yasa nace a sa liman ko mai unguwa, suna iya cewa a sassauta. Amma zomayen a cikin gidansu suke a cikin kejinsu, ba su suka fita ba, karen ne ya bar gidansu ya shiga na wani. Talaucin da ya hana mutum gyara katanga a cikin damina ba izini bane ga dabbar maƙwabci. Kuma duk yadda aka raba kuɗin, Gwaggo dai ko kwabo bata ciki.

Baban Ummi, Hanwa:

Nagode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na samu Alhaji a ƙofar gidanshi, na fara da maganar yaron da aka yakusa da zomayen da ake taɓawa kamar yadda ƴar'uwa ta Samaru ta faɗa, nan naga jikinshi ya yi sanyi don ashe allurar karen tun wadda aka yi kafin a kawo mishi ce ba a sake ba. Yace min wlh ba kuɗin zomaye ne ya hana shi magana ba, tsoro yake in aka sani a taso shi a gaba sai ya rabu da karen, ko wani ya jefa mishi nama da shinkafar ɓera cikin dare, don dama akwai masu ƙorafi a masallaci cewa haushi yana hana su barci kuma bai kamata musulmi ya ajiye kare a gida ba. Kuma yace da ya ga abin ya juya kan Gwaggo sai kunya ta kama shi, kullum yana cewa gobe.

Ya yarda zai je wajen malam ranar Juma'a bayan an sauko, amma tare da liman da ni. Zai biya zomayen, zai kai karen allura, har yace zai ba da bulo a tada katangar. Uban yaron da aka yakusa na same shi da safen nan sun tafi asibiti.

Inda muka tsaya shine Gwaggo. Alhaji yace shi bai zage ta ba bai doki magenta ba, don haka wannan tsakaninta da gidan malam ne, zai dai ba da kuɗin magani a kai mata ba sai an ce daga wajenshi ba. Ni kuma abin bai kwanta min ba amma ban san me zan ce mishi ba.

Maman Sadiq, Gyallesu:

Alhamdulillah an samu ci gaba, Allah ya saka maka. Amma kar ka yarda da wannan na ƙarshen, a kai kuɗi a ɓoye ai shine dai shawarar farko ta dawo ta bayan gida. Ka ce mishi da ya buɗe baki a safiyar nan kafin rana ta ɗaga da ba a taɓa magen ba, da ba a zagi tsohuwa ba, toh ta yaya zai ce ba ruwanshi? Sa'ar mahaifiyarshi ce fa, ba abin kunya bane ya cire takalmi a ƙofar ɗakinta ya durƙusa yace Gwaggo karena ne ki yafe min.

In kun fito daga gidan malam ranar Juma'ar kar ku watse, ku wuce gidanta gaba ɗaya har da liman da yaran da suka yi dukan. Matar malam kuma tunda a ƙofar gida a gaban mata ta yi maganar, to ta samu matan layin ta faɗa musu da bakinta cewa ba magen Gwaggo bace, kar ta aika yaro, kuma ita da kanta ta kira jikan ta miƙa mishi guga.

Tsoron da yake na a sa wa karen guba shima a faɗe shi a gaban liman a wajen, a yi magana ɗaya, shi ya ɗauki alkawarin sakata da allura su kuma su ɗauki alkawarin ba mai taɓa mishi kare, duk wanda ke da ƙorafin haushi ya faɗa a nan.

Magen kuma kar a jira Juma'a, yau kwana nawa tana jan ƙafa. Ka karɓi kuɗin a wajen Alhaji gobe da safe, a sa ta a kwali a huda mishi iska a shimfiɗa tsumma, ka ɗauki jikan ku hau keke napep zuwa Samaru, ku tafi da zomaye biyun nan ma a duba su gaba ɗaya.